Azahar a Kan Sarkin Koriya

Wawan labarin nan ni ne, kuma gara ku ji daga bakina. Shekara talatin ina zagayawa da alhazai ziyara a Madina, ina daka musu tsawa: kar a taka kabari, kar a yi salla a kansa. Da wannan aka san ni. Ku riƙe shi.

Daga Aƙiƙ

Ƙarfe huɗu na asuba muka fito daga unguwarmu ta Aƙiƙ, ni da Hajiya Rabi, za mu gano 'yarmu Maimuna, wadda mijinta ke karatu a Koriya. Jirgin ƙasa zuwa Jidda awa biyu. Na sama kuwa sai da ƙafafuna suka ƙi takalmi.

Gyeongju

Da muka huta, Maimuna ta kai mu Gyeongju, tsohon birnin sarakunan ƙasar. Mun ga ɗakin bautarsu na katako, da ƙararrawar da ƙarti biyar za su ɓuya a cikinta. Wa ya ɗaga ta? Da me? Ina tambaya, Maimuna na amsawa rabi Hausa rabi Larabci. Aka kawo shinkafa da kifi da kabeji mai tsami. Hajiya ta ce ya lalace, na cinye har nata.

Ƙarfe ɗaya da rabi muka shiga wani fili cike da tuddai kore shar, kamar an kife ƙorai. Na ce ina ma tumakina na nan. Maimuna ta fara bayani, na katse ta.

"Ke, jagoran ziyara ake wa bayani?"

Suka tafi neman ruwa. Na zaɓi tudun da ya fi tsafta, na hau, na shimfiɗa darduma, na ta da azahar. Ina sallamewa na ji usur, ga mai gadi a guje, Maimuna na bayansa.

"Ya Baba, inzil! Sauko! Kabarin sarki ne!"

Ta yi ta ba shi haƙuri. Ya dubi furfurata, ya ƙyale mu. Na rama sallar a ƙasa.

Gida

Bayan kwana tara muka dawo lafiya, alhamdu lillahi, Allah ya yi wa Maimuna albarka. A bakin ƙofa na roƙi Hajiya kar maganar ta kai majalisarmu ta unguwar Sih, sunana zai zube.

"Ai laifinsu ne," na ce, "ba su sa alama ba."

"Alhaji, kabari ya fi gidanmu tsawo. Wace alama kuma kake so? Sarkin ya leƙo ya ce maka ahlan?"