Hannun Kawu Tanko

Kawu Tanko ya rasu a ƙasar Jos, wajen aikin kuza. Ni na binne shi. Ƙanin mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni.

Ku mutanen Kwanyawa da tufka kuka san shi. Ba wanda ya taɓa ganinsa hannu sake. Ko zaman makoki da ramarsa yake zuwa, yana murza igiya a cinya ana gaisuwa. Ya yi ta tufka har kowace akuya a garin ta samu igiya, ya koma raba wa marasa akuya. "Riƙe," in ji shi, "akuyar na tafe."

Ana ta dariya, ba a san dalili ba. Ni na gano, ranar da rama ta yanke masa. Na same shi a zaure, hannun dama a kan gwiwa yana rawa shi kaɗai, babban yatsa na gogar manuni.

Na ce, "Kawu, hannunka!"

Ya ce, "Tasbihi yake. Ya fi ka ibada, ɗan banza."

Ya miƙa ya ɗauki buta, rawar ta tsaya cak. Haka abin yake. In hannun na aiki lafiya lau, in ya huta sai ya kama. Shi ya sa ba ya barinsa ya huta. A salla kuwa hannun babbar riga ke rufa masa asiri.

Matarsa Inna Hansai ta sani. Ta kirawo wani boka daga Rogo a ɓoye. Boka ya ce iska ce, a ba shi baƙin zakara ya kai wa masu abin. Kawu ya kama zakaran, ya yanka, ya sa aka dafa, ya cinye boka na kallo. Ya suɗe hannu ya ce, "Ba ka ce a jikina suke ba? To saƙo ya isa."

Sai shekarar da Turawa suka ce kowane gari ya ba da mazaje a kai su haƙar kuza, ko suna so ko ba sa so. Aka tara mu a ƙofar gidan dagaci, dogarin hakimi ya zo daga Karaye. Aka ce mai ciwo ya nuna, a ƙyale shi. Wallahi ranar na ga ƙatti na ɗingishi da ƙafar da suka yi farauta da ita jiya. Aka kira sunana, aka kira na Kawu.

Na raɗa masa, "Kawu, don Allah ajiye igiyar nan. Su gani kawai."

"A gaban surukaina? Gobe yara su sa ni a waƙa?"

Dagaci ya ce, "Tanko, akwai abin da ke damunka?"

"Ranka ya daɗe, ƙarancin rama."

Aka kwashe da dariya. Aka sa shi a layi.

Can Jos babu rama. Sanyi ne, da yunwa, da ɗaukar ƙasa a ka daga cikin rami. Kawu ya fara tafiya guntu-guntu, a sunkuye. Wata rana ya faɗi da kayansa. Na goya shi zuwa wurin malamin asibitin bariki.

Malamin ya ce ya ɗora hannu a gwiwa. Kawu ya dube ni, ya ɗora. Hannu ya kama rawa.

"Baba, taɓa hancinka."

"Na san inda yake."

"Taɓa dai."

Ya taɓa, rawa ta tsaya. Malamin ya sa shi ya yi tafiya, ya nuna mini yadda hannun daman ke maƙale a jiki, ba ya lilo.

Ya ce ba iska ba ce, ba sammu ba, ba tsoro ba. Ciwo ne daga ƙwaƙwalwa, inda ake sarrafa motsin gaɓɓai. Wani hannunsa na rawa in ya ɗauki abu, wani sai in ya huta, irin na Kawu ke nan. Ya ce ba shi da maganinsa, amma zai sa a sallame shi ya koma gida.

Kawu ya ce, "Ba abin kunya ba ne?"

"Ciwo ne, Baba, kamar kowane ciwo."

Kawu ya zuba wa hannun ido yana rawa a gabanmu, bai ɓoye ba. Can ya ce, "Kai! Ashe wahalar banza na sha."

Muka yi dariya mu uku. Ita ce ta ƙarshe. Kafin sallamar ta fito sanyi ya kama masa haƙarƙari. Na zauna da shi har ya cika.

Na dawo ni kaɗai. Inna Hansai ta dubi bayana, ba ta ga kowa ba, ta gane.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta. Yana can bayan bariki, gindin tulin ƙasar da muka ɗebo da kanmu, shi da wasu mutanen Rogo Ruma. Kabarin ba alama.