Wani Ke Bugawa, Wani Ke Isa

A saman gidanmu na unguwar Mansur, nan Makka, kakata Hajiya Ladi take hura gawayi bayan Magariba ta ɗora shayi. Mu jikoki mukan zagaye murhun, rabin zancenmu Larabci, ita kuwa ba ta yarda a amsa mata da shi. Ni take fara tsokana: "Matso nan, angona mara kunnen Hausa. Ta yau ba ƙirƙira ba ce, ta kakanku ce. Ta zo, ku ji ta."

Kakan namu, Tanko, soja ne a yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu. A wani sansani, in ji ta, sun yi maƙwabtaka da sojojin Amurka masu wani wasa na ƙwallo da sanda. Buhu huɗu suke ajiyewa a fili. Ka bugi ƙwallo ka ruga, buhu zuwa buhu, har ka dawo inda ka tashi. In ƙwallo ta riga ka isa buhu, ka fita. Wata rana ba su cika ba, suka miƙa wa Tanko sanda.

"Mutumin da ya tashi a kiwo, ai sanda ba baƙuwarsa ba ce," in ji Kaka, tana danne dariya. "Ya taƙarƙare ya kai duka, sai ƙwallo ta mirgina kamar kaza ce ta ture ta."

Ya ruga, aka riga shi, ya koma gefe rai a ɓace. Sai ga 'yan ɓangarensa sun yi masa caa da murna. Ya ce, "An fitar da ni, murnar me kuke yi?" Ashe yayin da ake ta kansa, wani nasu da ya daɗe a maƙale a buhu na uku ya samu ya isa, suka ci wasan.

Nan Kaka take ajiye mafici ta dube ni. "Ka ji, ya waladi? Wani ke bugawa, wani ke isa."

Mu dai kazar nan muke wa dariya. Sai da na girma mahaifina ya ba ni ragowar labarin. Bayan yaƙi, Tanko da Kaka suka kamo hanyar Makka a ƙasa, ta Chadi da Sudan, noma a wannan gari, dako a wancan. A bakin teku zazzaɓi ya kwantar da shi. Ta ce za ta zauna jinya, ya ƙi, ya sa ta shiga jirgin ruwa da mahaifina a goye. Shi Tanko bai taɓa ganin Ka'aba ba.

Bana 'yata Hauwa ta samu gurbin karatun jinya a Kano. Ni a nan aka haife ni, ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, kuma duk Hajji tukwane nake wankewa a Arfa. In na raka ta, ƙofa ta rufe a bayana. In ta tafi, ban san ranar da zan sake ganinta ba. Na daɗe ina cewa a'a, kuma tsoro ne, ba na ɓoyewa. Amma in na riƙe ta, tukwanen nan za ta gada.

Ranar tafiya na kai ta wurin motar Jidda, inda za ta hau jirgi. Ta riƙe hannun rigata ta ce, "Baba, kai fa?"

Na zare hannunta da kaina. Na ce, "Ni nawa bugu ne, Hauwa. Yalla, ki ruga, kada ki waiwaya."