Ƙosan Gwaggo Hajo da Buhun Wakena

Ku da kuka san Gwaggo Hajo ta Dandin Mahe, yayar babanmu, kun san ba a zuwa neman jari wurinta da hannu mai laushi. Kafin ki gama gaisuwa za ta ce, "Miƙo hannunki in gani." In ta shafa ta ji ya yi kanta, an dace. In ta ji santsi kuwa, sai ta ce, "Tahi ki yi daka wata guda ki dawo."

Kuma ba ta ba da rancen kuɗi, sai kaya. Mudun gyaɗa a mayar da mudun gyaɗa. Wai naira kullum ramewa take yi, ita kuwa gyaɗa ba ta taɓa ganin ta rame ba.

Wata rana wani ma'aikacin ƙaramin banki ya zo daga Bodinga da takardu, yana lallashinta ta karɓi rance ta faɗaɗa sana'a. Ya ce sharaɗin kawai ta kawo mutum biyu su tsaya mata.

Ta dube shi sama da ƙasa. "To kai, ɗan nan, wa at tsaya maka?"

Wallahi da ya tashi tafiya har takardunsa ya manta!

Ni kaina bankin ne ya kore ni lokacin da maigidana Malam ya kwanta ciwo, don ba ni da mai tsaya mini. Gwaggo ta ba ni buhun wake na fara tuyar ƙosai. Ban rufa wata uku ba farashin wake ya yi tashin da ko mafarkinsa ban yi ba. Ga magani, ga yara. Buhu ya gagare ni biya. Ita kuwa kowace Juma'a sai ta zo ta zauna gindin kaskona, ta ci ƙosai ta ƙoshi, ta ce gishiri ya yi yawa, ta tafi ko sisi babu. Ina da bakin magana?

Da ciwonta ya yi tsanani na je, ina tunanin magada za su sa in sayar da kaskon.

"Gwaggo, maganar buhun nan..."

"Wane buhu? Ke ɗiyar ga, ƙosan da nike ci kyauta kika zato? Tun bara kinka gama biya."

"Tun bara! Me ya hana ki faɗa mini?"

"In hwaɗi ki hwara yi man tsada?"

Na yi dariya har da hawaye, na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Ta sa aka kira babban ɗanta, ta maimaita a gabansa. Kwana huɗu bayan nan ta cika.

Allah Ya jiƙan Gwaggo Hajo. Yadda ta rufa mana asiri, Allah Ya rufa nata, Ya sauƙaƙa mata hisabi. Amin.