Kaset ɗin Kabiru da Ba a Juya Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar abokina Injiniya Kabiru, Allah Ya jiƙansa, kuma har watan jiya kaset ɗinsa na cikin rediyon motata, a daidai inda ya bar shi. Motar kuwa duk unguwarmu ta Longsight a Manchester an san ta. Idan na tayar da ita a ƙofar gida, mutanen Levenshulme, unguwar da ke gaba da tamu, kan ce Alhaji Sani ya fito.

Kabiru ɗan maƙera ne daga Kano, a gindin zugazugi ya girma. Karatu ne ya kawo shi Birmingham kafin ya dawo Manchester da zama, kuma ya sha ba ni labarin hunturunsa na farko: ɗaki ɗaya, sanyi, babu mai yi masa sannu da Hausa. Wata rana sai ya ji bango na rawa, ashe maƙwabcinsa ne ya saka faifan rock mai nauyi, irin wanda aka haifa a garin. Ya tashi zai je ya yi faɗa, sai ya tsaya cak a bakin ƙofa. Abin da kunnensa ya jiyo guduma ce tana sauka a kan uwar maƙera, kamar yadda babansa ke yi da hantsi. Da ya ji cewa samarin unguwannin masana'antar ƙarfe ne suka ƙago kiɗan, sai ya ce ashe dangi ne.

Ni dai ban taɓa jin abin da ya ji ba. A kunnena kamar an watso tukwane daga saman bene, an biyo su da akuya.

Kabiru bai taɓa tuna ranar aurensa ba, matarsa Hajiya Binta shaida ce, amma ya san ranar da kowane faifai ya fito. Mu fito daga sallar Juma'a, sai ya ja ni gefe da fuskar mai sanar da ganin wata, ya ce, "Sani, gobe shekara arba'in." Ba na tambayar na me. Ni ne mai motar da ke cin kaset, saboda haka ni ne direba, ko ina so ko ba na so.

Tafiyar tana da ƙa'ida. Daga Stockport Road zai saka side A, yana buga zobensa a gaban mota har robar wurin ta koɗe. Kafin ya ƙare mun kai services, wurin hutawar matafiya a kan babban titin M6. Nan za mu yi alwala, mu shimfiɗa darduma a gefen mota mu yi azahar, mu ci dambun naman Hajiya Binta. Sannan ya juya kaset da hannunsa, don ba ya yarda in taɓa, wai hannuna bai san darajar ƙarfe ba. Side B ne ke kai mu Birmingham, gaban katangar wata masana'anta da aka rufe. Zai fita ya tsaya a gabanta na ɗan lokaci, ya dawo ya ce mu tafi. Iyakar bikin ke nan.

A shekarar da hukumar gari, wato council, ta rage ma'aikata, har da shi a ciki. Ya yi ta dariya wai yanzu babu bikin da zai wuce shi. A tafiyarmu ta ƙarshe mun sallame azahar, sai ya dafa ƙirji ya ce dambun nan ya yi masa nauyi. Motar asibiti ce ta ɗauke shi daga wurin, bai kuma sake komawa gida ba. Na dawo Manchester rediyo a kashe, kaset a ƙarshen side A. Tun daga ranar hannuna bai iya danna maɓallin fitar da shi ba. Uwargida ta yi magana har ta gaji.

Bana ana ta bikin cikar wannan kiɗa shekara hamsin, ni kuwa tambayar da ke raina ita ce me Kabiru zai ce. A wurin baje koli an saka gitoci a cikin gilashi kamar ƙasusuwan mutanen da, tsofaffi masu furfura suna bin layi da sanda suna kallo. Laburaren da yake aron faifai an rufe shi. Katangar da yake tsayawa ta zama flats, benayen gidajen zama. Yara na jin waƙa ɗaya a waya su tsallake zuwa wata kafin mai ganga ya gama zama. Na san zai yi ta mita daga nan har Birmingham, kuma na san shi zai fara shiga layin.

Ana cikin haka motata ta faɗi MOT, gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. Makanike ya leƙa ƙarƙashinta ya ce tsatsa ce kaɗai ke riƙe da tsatsa, sai dai a kai ta wurin masu murƙushe ƙarfe. Ko in fitar da kaset ɗin, ko ya tafi da ita. Da labari ya kai gidan Hajiya Binta, sai ga 'yarsu Zainab, wadda yanzu likita ce a Salford.

"Baffa, tsohuwar takardar ba ta ƙare ba tukuna, ko? Mu je Birmingham one last time."

"Ke da ba kya jin irin wannan hayaniya?"

"Kai ma ba ka ji, amma ka yi ta kai shi."

Muka kama hanya rediyo a kashe har services. Muka yi azahar, ta fito da dambu, uwarta ce ta ba ta. Da muka koma mota na zauna ina kallon rediyon kamar ban taɓa ganinsa ba. Zainab ta miƙa hannu ta danna, kaset ya fito sumul, ta juya shi ta mayar. Ba mu yi nisa ba sai na ji ƙas, ƙas, ƙas. Zobenta ne, a daidai koɗaɗɗen wurin nan, ita ba ta ma san tana yi ba. Na ce mata iska ce ta shigar min ido, alhali gilasai duk a rufe suke.

Kaset ɗin yana wurinta yanzu. Abin da Kabiru ya bari a wurina kuwa ba ya shiga aljihu: mutum ne da ya nemo garinsu a cikin hayaniyar wasu mutane, ya kuma samu, ya ja ni in raka shi kowace shekara. Ranar da na kai motar, mai wurin ya ce ba sai na jira ba. Na ce zan jira. Na tsaya a bakin shinge, injin ya sauko, ƙarfe ya faɗa wa ƙarfe, ya ɗaga, ya sake saukowa. Kabiru, na ji gudumar. Allah Ya sa ka huta.