Akwai Sauran Ruwan Zafi?

Shekarar da Baba ya rasu, sanyi ya same mu a gida ni da Yaya, ba aikin fari bare na baƙi. Malaman jami'a suna yajin aiki, dawa ta shiga rumbu, Inna ta fita takaba amma kamar ba ta fita ba. Da hantsi sai mu shimfiɗa tabarma a jikin bangon da rana ke fara duka, mu kunna wata tsohuwar kwamfuta da kawunmu na Rano ya bar mana, mu yi ta buga gem har azahar.

Sifikar kwamfutar ta mutu tun kafin ta zo hannunmu. Wannan kuwa ya yi wa Yaya daɗi, don shi mayen masu fassara finafinan Indiya ne. Akwai ɗaya a cikinsu da yake so kamar ya haɗiye. Bai taɓa ganin fuskarsa ba, amma ya san inda yake jan numfashi da yadda yake dariyar mugu, kuma burinsa a duniya ya zauna kusa da shi a gaban makirfo. Ni ke tuƙa wani soja mai ƙaton takobi, Yaya yana sa masa magana. Sojan ya faɗa rami, sai ka ji: "Wayyo Allah! Wa ya haƙa shadda bai rufe ba?" Dodo ya fito, Yaya ya ba shi muryar mai raken bakin kasuwar Kibiya. Dariya ta kama ni, a kashe min soja, in hau masifa.

"Kai dai wallahi ba ka da aikin yi!"

"Ke mai aikin, ga ki nan kusa da ni."

Ba wanda Yaya bai iya kwaikwaya ba: ladaninmu, mai unguwa, Bafulatanar da ke kawo mana nono daga Unguwar Gai, har akuyarmu. Mutum ɗaya ya daina, Baba. Baba yana da wata tambaya da yake yi kowace safiyar sanyi: "Ke, akwai sauran ruwan zafi a butar nan?" Da yana raye, Yaya kan laɓe a zaure ya faɗe ta, Inna ta taso da buta, ta tarar da shi, ta bi shi da muciya. Tun ranar da aka kai Baba bai sake ba, mu ma ba mu tambaye shi ba.

Zaɓe yana matsowa, ni kuwa tsoronsa nake. A wani zaɓen baya na ga an fasa wa ɗan maƙwabtanmu kai a layin ƙuri'a. Ga shi yanzu ma mutanen da suke cin tuwo kwano ɗaya sun koma gaisuwa daga nesa. Inna ta kunna rediyo, ta ji ana ta cacar baki, ta kashe, ta ce Allah ya sa a gama lafiya. Cikin masu takarar kansila akwai wani Alhaji, aminin Baba. Shi ya yi wa Baba wanka.

Wata Laraba, wani tsohon abokin Yaya na sakandare ya zo a babur da takarda. Daga bayan ƙyaure na ji komai, ba zan ɓoye ba. Mutanen abokin takarar Alhaji ne suke so Yaya ya karanta takardar a waya da muryar Alhaji, kamar Alhaji ne yake faɗa a asirce cewa in ya ci zai toshe burtali ya kori makiyaya, sai a yaɗa ta waya zuwa waya. Ladan aikin kuma, ubangidansu ya san mai fassarar nan, zai kai Yaya Kano a gwada shi.

Da ya tafi na fito.

"Yaya, ba za ka yi ba dai?"

"Siyasa ce fa, kowa ya san wasa ne."

"In aka cinna wa gidan Alhaji wuta, shi ma wasa ne?"

Ya ce ni ƙaramar yarinya ce. Shekara biyu ya ba ni!

Kwana biyu ba mu buga gem ba. Yana bayan rumbu yana gwaji, kuma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ya iya. Har dishin muryar Alhaji ya kamo. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa, don na san tun yaushe yake mafarkin Kanon nan. A rana ta uku na kai ƙararsa wurin Inna. A kira ni magulmaciya, na yarda.

Inna ta saurare ni, ta ci gaba da aikinta. Washegari da sassafe tana bakin murhu, buta a gefen wuta, mu kuma mun zo shan ɗumi, sai ta ce wa Yaya, "Ɗauko takardar nan ka karanta min, ka san ban iya boko ba."

Yaya ya harare ni. "Inna, ba wani abu ba ne."

"Na ji. Ɗauko."

Ya ɗauko, ya tsuguna, ya buɗe baki. Ta ɗaga hannu.

"Ba da muryar Alhaji ba. Da ta babanka nake so in ji."

Ya daɗe yana kallon takardar. Can ya yi gyaran murya sau biyu, gajeru, irin na Baba sak, har akuya ta ɗago kai. Leɓensa suka motsa a kan layin farko, ba abin da ya fito. Ya sake gwadawa, shiru. Sai ya ninke takardar, idonsa a ƙasa, muryar Baba ta fito daga bakinsa a hankali:

"Ke, akwai sauran ruwan zafi a butar nan?"

"Akwai, Malam," in ji Inna, hannunta har ya kai kan butar. A nan hannun ya tsaya.

Ni na fara kuka, kuma ban yi shi a hankali ba. Yaya ya tura takardar cikin murhu. Bai je Kano ba, har yau bai ga fuskar gwaninsa ba, yana koyarwa a wata firamare a Rurum. Amma a safiyar nan ba wanda ya yi zancen Kano. Inna ta share fuska da bakin mayafi, ta gyara zaman butar kusa da wuta, ta dubi Yaya.

"Sake faɗa min," ta ce. "Sau ɗaya kawai."