Mai Zanen da Ta Ƙi Goge Gwaggo

Kafin masu jera kujeru su gama gardamarsu, Mai Zane ta riga ta iso ɗakin taro. Takan kafa allonta a lungun da aka ga dama aka bar mata, ta jera burushi, ta dama kaloli a murfin bokiti. Aikinta shi ne ta zana walimar biki tana gudana, baƙi suna kallo, a ƙarshe kowa ya dangwala yatsa a fenti ya bar shaidarsa a gindin zanen. Shekara da shekaru tana wannan, yanzu hannu ya fara rawa, ta ce ta ajiye burushi.

Abin haushi, ba a taɓa kama sunanta a lasifika ba. A gode wa mai kiɗa, a gode wa mai kek, har mai hayar kujeru sai an yi masa tafi, ita kuwa ko oho. Baƙi su jibge mata farantan da suka gama ci a kan teburin fenti, masu hoto su tokare mata gaba kamar bango ce. Duk ta shanye. Ƙa'idarta ɗaya ce: ba ta fara zane sai ta gano inda idon amarya yake yawan komawa.

Maigadin ɗakin taron shaida ne kan ranar da wannan ƙa'ida ta ja mata. Amarya marainiya ce, gwaggonta ce ta raine ta da ɗinkin keke. Amma mai shirya bikin ta dubi tufafin tsohuwar, ta kai ta can bayan lasifika, kusa da ƙofar kicin. Amarya na murmushin dole, idonta na can. Mai Zane ta bi idon, ta ga tsohuwa rungume da jaka, sai ta zana ta a gefen amarya.

Mai shirya biki ta zo wucewa, ta ja birki.

"Baiwar Allah, wannan fa? Goge ta. Matar maigidan ango za ki sa a nan."

"Ranki ya daɗe, wadda amarya ke kallo na zana."

"Ni na kawo ki, ko amarya?"

"Ke kika kawo ni. Amma zanen nata ne."

Ba ta tsaya nan ba. Da lokacin dangwala yatsa ya yi, manyan baƙi sun miƙe suna gyara riga, sai ta ciccibi allon, ta ratsa su, ta durƙusa gaban tsohuwar.

"Gwaggo, kawo yatsanki. Ke za ki fara."

"Ni kuma, 'yar nan? Kar in ɓata muku abu."

"Ba za ki ɓata ba. Bismillah."

Daga ranar aka rufe mata ƙofar wannan ɗakin taro, aka bi sauran manyan wurare ana cewa ba ta jin magana. Wai ba ta jin magana! Mace ta ƙi goge uwa daga bikin 'yarta, shi ne laifin. Ta koma bukukuwan tsakar gida, inda iska ke watsa mata ƙura a ɗanyen fenti, ba ta taɓa zuwa ba da haƙuri ba.

Mai Zane, ke ce mai idon da ya fi na kyamara adalci. Ke kika zaɓi ki rasa manyan wurare da ki ci amanar kallon marainiya.

Kwanakin baya amaryar ta zo gaishe ta, riƙe da hannun 'yarta. Gwaggo ta rasu. Amaryar ta ce ta zazzage hotunan bikin kaf, masu hoto sun ɗauki kek ta kowace fuska, amma babu gwaggo ko a ɗaya. Zanen nan kaɗai ya rage. A can ne yarinyar ta san fuskar wadda aka sa mata sunanta, kullum sai ta hau kujera ta ɗora yatsanta a kan na tsohuwar.

Mun gode, Mai Zane. Allah ya hutar da wannan hannu. Ku kuma masu raba kujeru a biki, kafin ku tura wani bayan lasifika, ku dubi inda amarya take waiwaye.