Ƙwaryar da Ke Kwasar Ruwa da Kanta

Yaran unguwarmu ta Rumde a Jimeta da tatsuniyar kura da zomo suke kwana, mu kuwa a gidanmu da matattu ake yi mana hira. Kakarmu ta wajen uba, wadda muke kira Dada kamar yadda muka ji Baba yana kiranta, ba ta da wasu gwaraza a tatsuniyarta sai mutanen gidanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Akwai yayarta mai tallar nono da ta kori kura da ludayi a hanyar Yola. Akwai wani ƙanin mijinta, tela, da ya ɗinka wa aljani riga ya kuma karɓi ladansa. Kowa da sana'arsa yake shiga labarin, ita dai ta ɗan ƙara masa gishiri.

Doka ɗaya gare ta, ba ta kuma taɓa karya ta ba: mai rai ba ya shiga.

"Mai rai bai gama ba," in ji ta. "Ni ba na ba da rabin labari."

Saboda haka tun muna ƙanana mun san cewa ranar da ka ji sunan mutum a bakin Dada a gaban wuta, to mutumin ya tafi.

Da damina aka fi jin daɗin hirar. Da an yi magariba an ci tuwo, sai mu cika rumfar girki, ruwa na ɗiga daga bunu, hayaƙi na kore mana sauro, sabuwar masara tana juya kanta a kan garwashi. Dada takan miƙe ƙafafunta wajen wuta ta ce, "Ku matsa, baƙinmu sun iso." Mu kuma mu amsa, "Mun ba su wuri." Fillanci ne harshenta na gado, Hausarta kuwa ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba, kowa "ya" ne a wurinta. Mukan yi mata dariya, ta ɗaga mana maficinta.

Labarin da na fi so shi ne na mijinta, Kaka Audu, wanda ya rasu kafin a haife ni. Fito yake yi da kwalekwale a Binuwai, daga Jimeta zuwa ƙetare, tun ba a yi mafarkin gada ba. Wata ranar kasuwa ya ɗauko mata da ƙorensu da akuyoyi, ruwa ya cika har baki. Suna tsakiyar kogi sai dorina ta taso da ɗanta, ta bangaje kwalekwalen, katako ya tsage, ruwa ya fara shiga. Mata suka rungume juna suna salati. Kaka Audu ba shi da ikon sakin filafilin tuƙi, don in ya saki igiyar ruwa za ta juya su. Sai ya dubi dorinar ido cikin ido.

A nan Dada takan kumbura murya: "Ya ce masa, dorina, kai da ɗanka, ni da 'ya'yan mutane. Ka ba ni hanya, in ba ka hanya."

Dorina ta tsaya tana huci, ruwa kuma ya kai idon sawu, ya kai ƙwauri. Sai wata ƙaramar ƙwarya da ke ƙasan jirgin ta tashi ta fara kwasar ruwa tana watsarwa, ba ta tsaya ba, ba ta gaji ba, har dorina ta nutse ta ba su hanya, har suka taɓa gaɓa ba a rasa ko akuya ba.

Ni kuwa bakina ba ya shiru. Kullum sai na ce, "Dada, wa ya riƙe ƙwaryar?"

"Ƙwaryar ya riƙe kansa, sarkin tambaya. Rufe baki kar sauro ya shiga."

Baba bai gaji filafili ba, inji ya gada. Yana aiki a manyan jiragen kamfani da ke hawowa Jimeta idan ruwa ya cika, su sauke gishiri da siminti, su ɗauki gyaɗa da auduga su gangara kudu. Shi ne mai kula da inji. Hannunsa bai taɓa rabuwa da baƙin mai ba, ko ranar sallah sai ka ga shi a ƙarƙashin farcensa. Idan jirginsu ya yi kuka daga nesa, duk unguwa ta san mahaifiyarmu Inna za ta yanka kaza. Shi ne ɗan farin Dada, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko kallonsa sosai ba ta yi. In za ta yi maganarsa sai ta ce "mai injin nan".

Shekarar da aka ce mun zama 'yan Jihar Arewa maso Gabas, Baba ya gangara da jirgin farko na damina. Bai daɗe da tafiya ba yaƙin basasa ya ɓarke, aka rufe kogi ta can ƙasa. Ruwa ya cika ya janye, jirgi bai dawo ba. Rani ya wuce. Wata daminar ta zo, kogi ya sake cika, muka riƙa zuwa bakin ruwa muna leƙe, babu ko hayaƙi. Wani ya ce an gan shi a Lakwaja. Wani ya ce sojoji sun karɓe jirgin. Wani ya ce abin da ba zan maimaita ba, Inna ta yi kwanaki ba ta ci abinci ba.

A lokacin ne hirar Dada ta zame mini abin tsoro. Da ta ce "baƙinmu sun iso", sai in shiga tunanin wane baƙo za ta shigo da shi. Sai na ƙulla dabarata. Kafin ta buɗe baki na riga ta: "Dada, na dorina!" Gobe ma na dorina. Jibi ma na dorina. A tunanina na yarinya, muddin ina cika daren da tsohon labari, sabo ba zai sami ƙofar shiga ba. Sauran yaran gidan suka gaji da ni, har aka fara yi mini laƙabi da Dorina. Ban damu ba. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni ma sai da na ja jiki na zo rumfar, ina rawar sanyi, don kar a yi hira ba ni nan.

Dada ba ta taɓa tambayata dalili ba. Takan dube ni ta gefen ido, ta gyara zama, ta ce, "To, na dorina."

Wata rana da la'asar na ji ƙanin Baba, Bappa Hamidu, wanda ke aikin akawu a asibiti, yana yi mata magana a ƙofar ɗakinta. Ya sassauta murya, amma kunnena ya fi ƙarfinsa.

"Dada, a yi masa sadaka mana. Matarsa tana zaune, ba ita ga aure ba ita ga takaba. Mutane suna magana."

"Mutanen sun ga gawa?"

"Ba su gani ba, amma..."

"Kai ka gani?"

Ya fara kame-kame, ta katse shi.

"To ka koma asibitinka. Ranar da na sani, ni zan faɗa."

Na ji daɗin amsar nan, na kuma ji tsoronta. Ranar da ta sani, ita za ta faɗa, ni kuwa na san a inda take faɗa.

Ana cikin damina ta uku, wata rana muna dawowa daga makarantar allo gab da magariba, na ga baƙin takalman roba a ƙofar zaure. A ciki Bappa Hamidu ne da wani dogon mutum ramamme, na gane shi da ƙyar: Bitrus ne, mutumin Numan, abokin aikin Baba, wanda yakan kawo mana rake. Ya gan ni ya sunkuyar da kai.  Cikin gida kuwa tsit. An saki labulen ɗakin Inna, matar Bappa ce ta tuƙa tuwo, ta raba mana ba ta kalli kowa ba. Na bar nawa a kwano.

Muka taru a rumfa kamar kullum. Ruwa na yayyafi, masara na juya kanta a kan garwashi. Dada ta fito da sabon mayafi, ta zauna, ta miƙe ƙafa.

"Ku matsa, baƙinmu sun iso."

Ban jira an amsa ba. "Na dorina, Dada! Na dorina!"

Ta dube ni ido cikin ido. Sai ta ce, "To, na dorina."

 Na ce a raina, ashe ba komai, ashe Bitrus hanya ce ta biyo da shi. Ta fara kamar yadda ta saba: ranar kasuwa, mata da ƙore, akuyoyi, ruwa har baki. Dorina ta taso, katako ya tsage. Kaka Audu ya yi maganarsa, sai dai yau ba ta kumbura murya ba. Ruwa ya kai idon sawu. Ya kai ƙwauri. Ina jiran ƙwarya ta tashi.

"Akwai wani yaro a cikin jirgin," in ji Dada. "Bai fi ka tsawo ba. Ya sunkuya ya ɗauki ƙwaryar."

Na ce, "A'a! Ba haka yake ba! Ƙwaryar ce da kanta!"

"Yana jin tsoro, amma bai saki ba. Ubansa ya ce masa, kar ka kalli dorina, ka kalli ruwan da ke cikin jirgi."

Na toshe kunnuwana da yatsu ina ihu, ina cewa ta ɓata labarin, ta tsufa ta manta. Ta miƙo hannu ta cire yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ta riƙe su gam a cinyarta. Tafin hannunta ya yi sanyi.

"Kullum kana tambayata wa ya riƙe ƙwaryar," ta ce. "Umaru ne. Tun farko yana cikin jirgin. Yana da rai ne, shi ya sa ban sa shi ba."

Wannan ne karo na farko da na ji sunan Baba a bakinta. Daga bayan labule kukan Inna ya fashe, ashe Dada ce ta roƙe ta ta riƙe shi har a gama da yara.

Dada ba ta tsaya ba. Da muryar nan tata ta ci gaba, ta ba mu shi tun daga farko: yadda ya ƙi kiwon awaki ya riƙa gudu bakin kogi, yadda ya fara da wanke dandamalin jirgi har ya koyi inji da ido, yadda ya taɓa kwana biyu a cikin ruwa zuwa ƙugu yana gyaran famfo don kar gyaɗar mutane ta jiƙe. Sannan ta faɗi abin da Bitrus ya kawo. Da aka tsare jirginsu, sun fake a wani ƙauye na bakin ruwa. Can Baba ya tayar da injin wani tsohon jirgi da aka yar, ya yi ta ƙetarar da mata da yara masu gudun harbi, har zazzaɓi ya kayar da shi. Bitrus ne ya yi jinyarsa, shi ne kuma ya yi tafiyar ƙafa ya nemo Musulmi suka yi masa sutura da salla.

"Aikinsa ɗaya ne tun yana yaro," in ji Dada. "Kar ruwa ya ci jirgin da mutane ke ciki. Ya gama. Ku yi masa addu'a, ku bar baƙinmu su koma."

Muka shafa. Sai a lokacin ta saki hannuna, ta ja mayafi ta rufe fuska. Masarar daren nan ƙonewa ta yi.

Na daɗe ina jin haushinta. Na ga kamar ta yaudare ni, ta bi ta ƙofar da na tsare da hannuna. Sai da na girma, na yi aikin ungozoma shekaru, na sha tsayawa gaban mutane da mummunan labari a bakina ina neman ta inda zan fara, sannan na gane abin da ta yi mini. Da Bappa ne ya faɗa, da abin da zan riƙe shi ne gawa a ƙauyen da ban san sunansa ba. Ita kuwa yaro ta ba ni, tsarana, da ƙwarya a hannu, yana tsoro amma bai saki ba. Da shi nake tuna Baba har yau.

Yanzu ni ce tsohuwar. Jikokina suna zuwa wurina a unguwar Karewa, kuma duk waɗanda na ambata sun shiga labari: Dada, Inna, Bappa Hamidu, har da Bitrus. Dokar ma na gaje ta. Wataƙila kun lura na ce masara tana juya kanta a kan garwashi. Masara ba ta juya kanta. Akwai ƙaramin hannun da ke juya ta, shi ne kuma ya manta da ita ta ƙone a daren nan. Mai hannun, ɗan'uwana, yana nan unguwar Limawa da furfurarsa da ciwon gwiwarsa, jiya ma mun yi faɗa a waya kan ya ƙi shan magani. Jikata ta fara tambayata wa ke juya masarar. Nakan ce mata ta rufe baki kar sauro ya shiga, in kuma roƙi Allah a zuciyata kada ya sa ni ce zan ba ta amsa.